Kakin da Ake Zubarwa, Leɓɓan da ke Tsagewa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan ratso Babura daga bakin iyakar Nijar ta wuce Kazaure, Roni da Gwiwa, kuma leɓe ne ke fara jin jiki. Fatarsa siririya ce, ba ta fitar da maiƙon da ke kare sauran jiki, shi ya sa take saurin tsagewa. Mafakar yawancin mutane ita ce Vaseline, man da Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872 bayan ya tace shi daga ɗanyen man fetur. Yana aiki, babu musu. Sai dai kayan haɗa man leɓe mai kyau suna nan kusa, wani ma zubar da shi ake yi.

Mai zuma na gargajiya yakan sauke amya, ya matse saƙar, ya watsar da tukar, alhali a cikinta kaki yake. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62, abin da ke da muhimmanci a yankin da zafin Afrilu kan haura 40. Man kaɗe shi kaɗai a aljihu zai narke. Kaki ne ke riƙe shi. Man riɗi kuwa, wanda Jigawa ta yi suna a nomansa, shi ke sa haɗin ya shafu da laushi. Awon da aka saba shi ne kashi ɗaya na tataccen kaki, ɗaya na man kaɗe, biyu na man riɗi. Ana narka su a ƙaramin kwano da aka ɗora cikin tukunyar ruwan zafi don kada wuta ta ƙona su, sannan a juye a busasshen mazubi mai murfi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗanɗanon 'ya'yan itace, wanda shi ne ke jan hankalin masu saye, musamman 'yan mata da yara. Kuskure ne a zuba ruwan kankana, mangwaro ko lemo a cikin haɗin. Ruwa da mai ba sa haɗuwa, kuma duk inda ruwa da zaƙi suka zauna, hunhuna da ƙwayoyin cuta sun sami gida, ga shi a kan fata mai rauni za a shafa. Jan launin zoɓo a ruwa yake narkewa, don haka a cikin mai garinsa tsakuwa-tsakuwa yake zama. Tsamiya tana yi wa tsagaggen leɓe raɗaɗi, man ɓawon lemon tsami kuma kan ƙona fata idan rana ta buge ta. Zaƙin ma da nasa sharrin: yana sa a yi ta lasar leɓe, miyau ya bushe ya tafi da ɗan danshin da ya rage.

Hanya mafi aminci ita ce a jiƙa busasshen garin goruba a cikin man riɗi na 'yan kwanaki, a tace sosai, a gamsu da ƙamshi mai sauƙi. Wanda ya bar ƙamshin gaba ɗaya ma bai yi asarar komai ba.

Na gida ke nan. Wanda zai kai kasuwa ya shiga hurumin NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, wadda kayan shafa ke ƙarƙashin kulawarta, kuma hakkin mai saye ne ya ga ranar haɗi da sunayen abubuwan da aka zuba. A nan ne ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ta shigo, ta koya wa masu zuma tace kaki, ta gwada awon da zai jure zafin bazara.

Kada a raina sana'ar. Kamfanin Burt's Bees ya faro ne a 1984 a jihar Maine ta Amurka daga ragowar kakin wani mai kiwon zuma, kuma a 2007 Clorox ya saye shi a kan dala miliyan 925. Babu mai cewa Roni za ta maimaita wannan, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Matakin farko shi ne mai zuma ya daina zubar da tuka, ya tace ta, ya sa mata farashi.