Filin Sana'ar Hannu: Saƙar Gugguru a Bargo da Suwaita

Wadda duk ke son yi wa yaranta kayan sanyi, kada ta bari sai hunturu ya kankama a watan Disamba, domin bargo ɗaya kan cinye makonni. A wannan watan za mu duba saƙar kwarashi mai tudu-tudu, wadda Turawa suka yi wa laƙabi da gugguru saboda yadda take kumburowa.

Ki tanadi ulu mai matsakaicin kauri da kwarashi mai milimita 4. Ki zaɓi launi mai haske, domin a baƙin zare tudun ba ya fitowa, ga wahalar da ido.

Tushen aikin ita ce doguwar saƙa, wadda yawancinku kun sani: ki naɗa zare a kwarashi, ki soka, ki jawo zare, sannan ki sauke madaukai bibbiyu har sau biyu. To, gugguru doguwar saƙa ce guda 5 a ido ɗaya. In kin gama ta biyar sai ki zare kwarashin a hankali, ki bar madaukin a sake. Ki soka kwarashin a kan doguwa ta farko daga gaba zuwa baya, ki kamo madaukin da kika bari, ki jawo shi ta ciki, ki rufe da sarƙa ɗaya. Nan take za ki ga biyar ɗin sun dunƙule sun turo wajenki. Idan tudun ya koma baya, daga baya kika soka.

Kafin ki faɗa wa bargo, ki gwada ɗan ƙyalle. Ki yi sarƙa 25, ki fara doguwa a sarƙa ta huɗu daga kwarashi, ki tafi har ƙarshe. Ido 23 ke nan, har da sarƙa ukun da kika tsallake. Layi na biyu: dogaye 3, gugguru, dogaye 3, gugguru, haka har ki ƙare da dogaye 3; gugguru 5 za ki samu. Kullum sarƙa ukun juyawa ita ce doguwarki ta farko. Layi na uku dogaye zalla, kuma a nan ne masu koyo ke yin tuntuɓe. Kowane gugguru ido ɗaya ne. Mai saka biyu a kansa, ɗaya a sarƙar rufewa ɗaya a gefe, za ta ga saƙarta tana buɗewa kamar mafici. Ki ƙirga, 23 ko ki warware. A layi na huɗu ki fara da dogaye 5 ki ƙare da 5, gugguru 4 su faɗa tsakanin na ƙasa. A ganina wannan ya fi jerin sahu kyau nesa ba kusa ba.

Sai dai fa uwargida, saƙar nan akwai cin zare. Ki sayi ulunki gaba ɗaya a lokaci guda, har da rara, domin launi ɗaya ma kan bambanta daga rini zuwa rini, kuma a tsakiyar bargo bambancin ba ya ɓuya. Mai saƙar sayarwa kuwa ta fara lissafa zaren da ƙyallen gwaji ya ci kafin ta yanke kuɗi, kada kunyar maƙwabciya ta sa ta yi aikin wata guda a ladan ganin ido.

A suwaitar jariri ki ajiye gugguru a ƙirji da bakin hannu. Kada ki sa a baya: a kai zai kwanta, da shi za a goya shi, tudun kuma zai riƙa danna masa jiki. Bargon da aka cika da gugguru yana da nauyi, ya fi dacewa da yaron da ya tasa. Jariri sabon haihuwa ba a lulluɓa masa shi lokacin barci, don kada ya rufe masa fuska ya hana shi numfashi.

Yawancin ulun kasuwa na roba ne, ba gashin tunkiya ba, saboda haka dutsen guga mai zafi yana narkar da shi, ya kwantar da tudun yadda ba zai sake tashi ba. Ki wanke da hannu a ruwan da ba zafi, ki matse ba tare da murɗawa ba, ki shimfiɗa a tabarma a inuwa. Idan kika rataya shi a igiya, nauyin ruwa zai ja shi ya saki.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi hula da safar da za su shiga da wannan suwaita.