Kafin Mu Yi Wa Filin Ciyawar Roba Tafi

Ɗan'uwa mai karatu, idan kana cikin masu taka leda, ka san yadda ƙananan filayen ciyawar roba da ake haya da awa suka yawaita a Kano da Abuja. Mu ma a Haɗeja matasa na ɗokin irinsu, domin mun gaji da ƙura lokacin hunturu da taɓo lokacin damina. Sha'awar ba laifi ba ce. Amma akwai tambayoyin da ya kamata mu yi tun kafin a shimfiɗa.

Ta farko, zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Haɗeja na haura digiri 40. Ciyawa ta gaske tana fitar da danshi, ta sanyaya kanta, ita kuwa roba shanye zafin take yi, har samanta ya haura digiri 60 da tsakar rana. To ka tuna ƙannenmu da ke buga ƙwallo ba takalmi. Faɗuwa ɗaya, fatar gwiwa ta sale, in ba a wanke ba ta zama gyambo. Ko manyan 'yan wasa sun koka: matan da suka buga gasar cin kofin duniya a Kanada a 2015 har ƙara suka shigar kafin gasar, duk da daga baya sun janye.

Ta biyu, baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke maƙale maka a safa. Galibi tsofaffin tayoyin mota ne aka niƙa. Gaskiya, binciken hukumar lafiyar Holan a 2016 ya nuna haɗarinsu ga ɗan wasa kaɗan ne ƙwarai, don haka kada wani ya tsorata ka da zancen sankara. Matsalar ita ce inda suke tafiya. A 2023 Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da su daga 2031, saboda suna gurɓata ƙasa da ruwa.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san ruwa ba ya neman izini a garin nan. Duk abin da ya kwasa, kogin Haɗeja zai kai shi, daga can fadamun shinkafa da dausayin Haɗeja-Nguru, inda kifin kasuwarmu ke fitowa. A Amurka an gano a 2020 cewa wani sinadarin taya yana kashe wani nau'in kifi.

Saboda haka duk mai son gina fili, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, mu tambaye shi: da me za ka cika shi? Akwai yashi da ɓawon kwakwa. Ina magudanar da za ta tace ruwan? Wurin yana cin ambaliya? Kai kuma, ka bari sai da safe ko bayan la'asar, ka sa takalmi, ka riƙe ruwan sha, ka wanke duk wata ƙujewa da sabulu. Mai filin kuɗin awa zai karɓa ya tafi, jikinka da koginka kai za a bar wa.