Wayar ƙasa: a auna ta kafin a ba gida wuta

Duk sanda gobara ta tashi a kasuwa, ko wuta ta ja yaro a jikin firigo, kalma guda ake ji a bakin jama'a: tsautsayi. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, aka sake gina ta, ta kuma ƙonewa a 2009. Ƴan kasuwar ƙasar nan ba sa bukatar a gaya musu abin da wuta ke yi wa jari a dare guda. Sai dai haɗarin lantarki yana da wani ɓangare da ba ya shiga lissafin ƙaddara, domin ana iya auna shi da na'ura tun kafin ya auku.

Aikin kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, yana tsayawa ne a kontar. Daga nan zuwa cikin ɗakuna, alhakin yana wuyan mai gida da ma'aikacin da ya ɗauko, kuma a nan ake yin tsimin da ke jawo hasara. Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda ƙwararrun ƙasashe masu amfani da Faransanci suka saba da ita, ta ce wayar da kaurinta ya kai milimita 1,5 murabba'i kada a ɗora mata fiye da piriz 8, da dijonktar mai amfiya 16. Mai 2,5 kuma piriz 12 da amfiya 20. A wutar volt 220, amfiya 16 ba ta wuce wat 3.520, abin da dutsen guga, butar dafa ruwa da na'urar sanyaya ɗaki kan cinye idan suka haɗu. In aka sa siririyar waya a bayan babban dijonktar, sai ta yi ta zafi cikin bango, robarta ta narke, wutar kuma ba ta yanke ba.

Mafi muni shi ne batun waya ta uku, mai launin kore da rawaya. Ita ce ke kai wutar da ta zubo a jikin ƙarfen firigo ko famfon ruwa zuwa cikin ƙasa, ta yadda dijonktar zai ji ya yanke. Idan babu ita, jikin ƙarfen zai zauna da wuta har sai wani ya taɓa shi, ya zama shi ne hanyar. A gidajen haya da shaguna da dama, ramin ƙasa na piriz ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba.

Ko inda aka kafa sandar ƙarfe ma, magana ba ta ƙare ba. Ƙa'idar ta ce turjiyar ƙasa kada ta haura ohm 100 idan babban dijonktar mai miliamfiya 500 ne. To amma busasshen rairayi irin na Tawa da Damagaram ba ya karɓar wuta kamar laka mai danshi. Sandar da ta ba da sakamako mai kyau a watan Agusta tana iya kasawa a Afrilu, lokacin da fanka da firigo suke aiki dare da rana. Saboda haka awon da ya cancanci a amince da shi na rani ne, kuma ido ba ya yin sa.

Masu gidaje za su ce tsada, kuma gaskiya ne jan ƙarfe ba shi da araha. Amma tun ran gini tun ran zane: shimfiɗa wayar jan ƙarfe a ramin harsashin gida kafin a zuba siminti ya fi sanda guda inganci, kuma kuɗinsa kaɗan ne a kan na ginin. Ƙaramin dijonktar mai miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta bi jikin mutum, bai kai farashin firigon da ake kunnawa a kansa ba.

A Faransa, tun 1972 doka ta hana a ba sabon gida wuta sai da takardar hukumar Consuel. Darasin da ke ciki shi ne wanda ya yi aikin ba shi ke shaidar kansa ba. Takardar da ba ta ɗauke da adadin ohm, ranar awo da sunan mai awo ba ta kare kowa, ko da hatimi goma a kanta. Ya kamata magadan gari su wajabta wannan awo a kasuwanni kowace shekara kafin zafi ya shigo, ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma su haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararre guda ya bi rumfuna. Ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Maraɗi ko Yamai, shi ma yana da haƙƙin tambayar mai gida adadin ohm na gidan kafin ya biya kuɗin haya ya shigo da iyalinsa.