Ra'ayinmu: Fenti ba ya maganin funfuna

Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, jama'armu ke ta komawa gida, a Hajj Abdalla da sauran ƙauyukanmu da ke tsakanin Madani da Sinnar. Alhamdu lillahi. Sai dai da yawanmu mun buɗe ɗakunan da suka ci damina a kulle, mun tarar da wari, ga baƙin tabo a silin, bayan kwaba ya yi kore. Funfuna ce.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙar ƙasar Jazira tana riƙe ruwa, kwanon rufi yana yoyo, tagogi a rufe. Allunan silin da na kwaba na zamani kuwa garin katako ne aka matse da gam. Suna shan ruwa kamar soso, kuma cikin kwana 2 da jiƙewa funfuna na iya kama su. Allon da ya kumbura ba ya komawa yadda yake.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake shafe tabon da fenti, a mayar da yara ɗakin. Mun san aljihu ya yi zafi, amma fenti ɓoye ta kawai yake yi. Tana nan a ƙarƙashi, ƙurarta na shiga hanci, tana tayar da tari da asma, musamman ga jarirai da tsofaffi.

Don haka a fara da toshe yoyo. A buɗe tagogi iska ta ratsa. Allon da ya ruɓe a cire shi a fitar, mai cirewa ya rufe hanci da baki. Katako na gaske, irin ƙafar gadon angarib na bagaruwa, ana goge shi da ruwa da sabulu a shanya a rana. A janye kwaba daga jikin bango ko da taƙi ɗaya ne.

Kafintocinmu, ku ji tsoron Allah, kada ku buga wa mutum allon da ya sha ruwa a sito don yana da sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado. Masu unguwanni da limamai kuma ku tunatar da jama'a tun kafin ruwan Yuli ya sauka. Gara a kwana ƙarƙashin kwano tsirara da a kwana ƙarƙashin silin mai cuta.