Kamun Ƙaguwa A Jidda Ba Sai Da Kayan Tsada Ba

Jama'a, duk daren Juma'a za ka ga samarinmu a bakin Bahar Maliya wajen Ubhur, wasu ɗauke da kayan kamun ƙaguwa na ɗaruruwan Riyal. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce. Ƙaguwa ba ta haɗiye ƙugiya kamar kifi, maƙale koto take yi. Igiya mai ƙwari, ragar kwasa mai dogon mariƙi da tocila sun wadatar. Koto kuwa, a nemi kan kifi ko wuyan kaza, domin ba sa saurin wargajewa a ruwa.

Amma ga roƙona: duk macen da aka ga ƙwai a ƙarƙashin cikinta, a mayar da ita ruwa. In muka cinye iri bana, me za mu kama baɗi? Allah Ya sa mu gane.