Kada Mu Share Toka Kafin A Yi Bincike

'Yan'uwa, duk lokacin da gobara ta cinye kasuwa, ko majami'a, ko gidan wani a ƙasar nan, amsa biyu ce ake bayarwa tun hayaƙi bai lafa ba. Hukuma ta ce wutar lantarki ce. Jama'a su ce hannun maƙiya ne. Daga nan manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a yi alkawarin tallafi, a share wurin. Rahoton kwamitin kuwa sai dai a ji labarinsa. Ina ganin wannan ɗabi'a ta cuce mu ƙwarai, mu da muke zaune 'yan tsiraru a garuruwanmu, domin inda ba a san gaskiya ba jita-jita ce ke mulki, ita kuwa jita-jita kan marar ƙarfi take sauka.

Mu tuna babbar kasuwar Taminus ta Jos. Ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, wata biyar kacal bayan rikicin Satumba na 2001. Yau fiye da shekara 20 ke nan, in ka tambayi mutum goma a Jos wa ya ƙone ta, kowa zai ba ka amsar da ta dace da unguwarsu da addininsa. Dukiya ta tafi, zargi ya zauna, yara da ba a haife su ba a lokacin sun gaje shi.

Sai mu dubi abin da ya faru a ƙaramar hukumar Gezawa ta jihar Kano a watan Mayu na 2024. Wani mutum ya watsa fetur a masallaci ya cinna wuta ana sallar asuba, mutane fiye da 20 suka rasu. A ranar ya shiga hannun 'yan sanda, ƙwararru suka duba wurin suka ce fetur ne, aka kuma bayyana wa duniya cewa rikicin gādo ne na cikin dangi. A watan Mayu na 2025 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Ku yi tunanin abin da zai iya samun baƙi da Kirista a Kano da a ce an kwana uku ba a san wanda ya yi ba. Saurin bincike da faɗin gaskiya a fili sun ceci rayukan da ba za mu iya ƙirgawa ba.

Binciken gobara aiki ne mai ƙa'ida. Mai bincike yakan fara daga inda ɓarna ta yi sauƙi ya bi sawu zuwa inda ta fi tsanani, har ya gano inda wutar ta soma. Yakan duba tabon hayaƙi a bango, da zurfin ƙunar katako, da wayoyin lantarki da soket. Yakan tambaya ko akwai wutar lantarki a unguwar a daren, ko janareta na aiki, ko an fasa ƙofa kafin wuta ta tashi. In ya sami wuta ta tashi a wuri biyu ko uku da ba su haɗu ba, wannan babbar alama ce. Yakan ɗebi toka da tarkace ya rufe a gwangwani marar shigar iska ya kai ɗakin gwaje-gwaje, domin fetur da kananzir suna bin iska su ɓace cikin ɗan lokaci. To, ina amfanin zuwansa in matasanmu, cikin himma da ƙaunar gidan Allah, sun riga sun kwashe kwano, sun share ƙasa, sun wanke bango domin a yi sujada ran Lahadi? Da hannunmu mun goge shaidar da za ta tsaya mana a kotu.

Doka kuwa tana nan. Kundin Final Kod da jihohin Arewa suka gāda tun 1960 ya tanadi hukunci har na ɗaurin rai da rai ga wanda ya sa wuta da gangan a wurin ibada, ko gidan zama, ko wurin ajiyar kaya. Amma alƙali ba ya hukunci da kuka, da shaida yake yi.

Dole kuma in ja kunnenmu a ɗaya gefen. Ko ƙwararre yana iya kuskure, balle mu. A jihar Texas ta Amurka an zartar wa Cameron Todd Willingham hukuncin kisa a 2004 bisa zargin ya ƙone gidansa a 1991, gobarar da ta kashe 'ya'yansa mata uku. Daga baya masana gobara suka sake duba shaidar suka ce alamomin da aka dogara da su, irin su tsattsagewar gilashi da tabon ƙuna a daɓe, gobarar haɗari ma tana barin su. In haka ta faru a inda ake da kayan aiki, wane ne ni da zan hau bagadi in nuna maƙwabci da yatsa saboda na ga baƙin tabo a ƙasa? Shari'ar Musa ta ɗora wa wanda ya kunna wuta nauyin biyan ɓarna, ita ce kuma ta umurci alƙalai su bincika sosai, ta hana yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Wasu majami'unmu an ƙone su da gangan, wannan ba mai musu. Wasu kuma tsohuwar waya ce, ko jarkar fetur da muka ajiye kusa da janareta a lokacin hunturu. Wanda ya kira kowace gobara tsanani, ranar da tsananin gaske ya zo ba wanda zai saurare shi.

Saboda haka ga roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya. In gobara ta auku, a ceci rai tukuna. Bayan haka a killace wurin da igiya, a sa masu gadi, kada a taɓa komai. A ɗauki hotuna ta kowane gefe. A rubuta sunan wanda ya fara ganin wutar, da lokacin, da abin da ya gani da idonsa. A kai rahoto a rubuce ga DPO da hukumar kashe gobara, a riƙe kwafi, a nemi lauya cikin membobinmu ya bi maganar har ta kai kotu. Sujada kuwa a yi ta a gindin bishiya mako ɗaya ko biyu, iyayenmu a nan suka fara.

Ga gwamnatocin jihohi kuma, muna roƙo a horar da masu binciken gobara a ba su kayan aiki, kuma kowane kwamiti da aka kafa da kuɗin jama'a ya karanta rahotonsa a gaban jama'a, ko kasuwa ce ta ƙone, ko masallaci, ko majami'a. Ubangiji ya tsare mu, ya ba shugabanninmu zuciyar adalci. Amin.