Kwana Goma Sha Tara



Tambayar da na ɗauko mana a wannan mako ita ce: shin akwai inda doka take yarda a cutar da mutum? Da yawa cikinmu za su yi saurin cewa a'a, ai don hana zalunci aka kafa doka. Amsar ita ce akwai, kuma a rubuce yake cikin kundin da kotunan Arewa suka fi shekara 60 suna aiki da shi.

Wasu misalan ba su da wuyar fahimta. Likita yana tsaga cikin mutum da wuƙa, babu mai kama shi, domin mai cikin ko danginsa sun sa hannu. Ɗan dambe yana kai abokin karawarsa ƙasa a tafa masa, domin kowa da ƙafarsa ya shigo fili. Ɓarawo ya hauro maka katanga da adda, ka rauna shi wajen kare kanka, doka tana bayanka. Alƙali ya yanke wa mai laifi bulala, an ji ta bakin kowa kafin a yanke. Ko'ina a nan akwai abin da ya tsaya tsakanin mai duka da wanda ake duka: ko yarda, ko tsira da rai, ko wani na uku da ya saurari ɓangarorin biyu.

To sai mu zo sashe na 55 na dokar Final Kod. An zartar da wannan doka a 1959, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun 'yancin kai. An ɗauko tsarinta daga dokar Sudan, ita kuma ta Sudan daga dokar da Turawan Ingila suka yi wa Indiya a 1860. Sashen ya ware mutum huɗu da ba za a ɗauki dukansu laifi ba matuƙar don horo suka yi, kuma bai kai ga mummunan rauni ba: uba ko mariƙi a kan ɗansa, malami a kan ɗalibinsa, ubangida a kan yaronsa ko mai koyon sana'a a wurinsa, sai miji a kan matarsa, idan al'adar da suke bi ta amince da irin wannan horo.

Ku lura da abu ɗaya. Ukun farko duk an sa musu iyaka, sai wanda bai kai shekara 18 ba. Yaro yana girma ya fita daga wannan jeri, haka ɗalibi, haka yaron shago. Matar aure ce kaɗai ba a sa mata shekaru ba. Ko ta kai 60, ko ta aurar da jikoki, tana nan a sahun yara.

Mene ne kuma mummunan rauni? Sashe na 241 ya lissafa: a makantar da ido, a kurumtar da kunne, a raba mutum da wata gaɓa ko a lalata ta har abada, a ɓata fuska ɓaci na dindindin, a karya ƙashi ko haƙori ko a gurɗe shi, ko rauni mai barazana ga rai, ko wanda zai sa mutum ya kwana 20 cikin matsanancin ciwo ko ya kasa harkokinsa na yau da kullum. Kwana 20. Ashe ke nan macen da ta kwana 19 ba ta iya ɗaga tukunya ba, ta miƙe a rana ta 20 ta dafa tuwo, ba ta tsallaka wannan layi ba.

Don adalci, sashen ya ƙara da cewa horon da ya wuce hankali, a irinsa ko a yawansa, ba shi da kariya. Amma wa yake aunawa, kuma yaushe? Sai bayan an gama dukan, sai in ta iya fita daga gidan, sai in iyayenta ba su mayar da ita da "ki yi haƙuri" ba, sai in ta sami kuɗin mota zuwa kotu. A lokacin da abin yake faruwa, mutum ɗaya ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai riƙe da bulala, ga shi cikin fushi. Ko ɗan dambe yana da alƙalin wasa da zai raba.

Na san wani zai ce ai addini ne ya ba da dama. Mu yi magana a hankali. Malaman da suka yi sharhin aya ta 34 a Suratun Nisa'i sun ɗaure al'amarin da sharuɗɗa: sai bayan nasiha da ƙaurace wa shimfiɗa, ba a fuska ba, ba mai barin rauni ba, har an ruwaito misali da asuwaki daga Ibn Abbas. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, macen da ta tabbatar da cutarwa tana iya neman alƙali ya raba auren, kuma cutarwar ta haɗa har da zaginta da zagin iyayenta. Ku auna tazarar da ke tsakanin asuwaki da karyewar haƙarƙari. Mai fasa wa matarsa leɓe yana cewa Shari'a ce ta ba shi, ba fiƙihu ya karanta ba, zuciyarsa ya bi ya nemo mata riga.

A Disambar 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya ce yana gaya wa 'ya'yansa mata su rama idan mazansu suka mare su. Aka yi kwanaki ana cacar baki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawancin masu fushi marin ramuwar ne ya dame su. Marin farko kamar ruwan sama ne, ba a tambayar dalilinsa.

Doka kuwa mutane ne suke rubuta ta, kuma suna gogewa. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936, kafin nan mutum yana iya mallakar ɗan'uwansa mutum doka tana kallo. A Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar VAPP, wadda ta mayar da dukan abokin aure laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara uku, ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba, ko duka biyun. Ta kuma ambaci korar mutum daga gida da ƙarfi, da yasar da iyali ba ci ba sha, da cin zarafi na baki. Da farko Abuja kaɗai ta shafa, sai jiha ta karɓe ta da kanta kafin ta yi aiki a can, kuma jihohi sun yi shekaru suna karɓa ɗaya bayan ɗaya. An yi lokacin da mari ɗaya tak, a kunci ɗaya, laifi ne a Abuja, ka yi tafiyar awa huɗu a mota ya zama horo. Zafinsa kuwa bai canja a hanya ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Sashe na 55 bai tsaya da ƙafarsa ba, a kan al'ada ya jingina. Al'ada kuma ba dattawa kaɗai suke ƙera ta ba. Yarinya 'yar shekara 15 da take karanta labari a WhatsApp ko Wattpad ƙarƙashin bargo da tsakar dare tana koyon abin da za ta ɗauka daidai ne a gidan aure, kuma mu ne malamanta. Ku tuna sau nawa kuka ci karo da wannan: gwarzon labari kyakkyawa ne, mai kuɗi, miskili, ba ya dariya. Ta yi masa rashin kunya, ya wanka mata mari har ta ga taurari, ya zare bel. Ta suma, ya ɗauke ta a guje zuwa asibiti, ya zauna bakin gado idonsa ya yi ja. Shafi uku gaba ya saya mata mota, masu karatu suna turo alamar zuciya suna roƙon Allah ya ba su irinsa. Dukan ya zama ƙofar soyayya. Shi ma saurayin da yake karantawa ya koyi cewa namiji na gaske da hannu yake fara magana, ya ƙarasa da kyauta.

Ba cewa nake a daina rubuta duka ba. Yana faruwa a gidajenmu, wanda ya ɓoye shi ya yi wa masu karatu ƙarya. Matsalar ita ce muna rubuta minti biyar na dukan, mu tsallake kwanakin da suka biyo baya. Doka tana ƙirga ƙashi da haƙori domin su ne likita zai iya rubutawa a takarda. Ba ta da wurin rubuta yadda mace take gane yanayin mijinta daga ƙarar rufe ƙofar mota, ko yadda yaro ɗan shekara shida yake jan ƙanwarsa zuwa ɗaki ba tare da an ce masa komai ba, ko ƙaryar zamewa a banɗaki da za a yi wa maƙwabciya. Waɗannan ba su da sashe a Final Kod, labari ne kawai yake iya ɗaukar su.

An taɓa yi, kuma a gidan nan. A littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Marubuciyar ba ta buƙaci karyayyen ƙashi don mai karatu ya san an yi zalunci ba, kuma ta rubuta shi shekara 25 kafin dokar VAPP ta sa wa irin wannan kora suna.

In kuma labarinku zai shiga kotu, ku yi wa kanku adalci ku bincika. Wace jiha ce, wace shekara, kotun majistare ce ko ta Shari'a? Jihohi sun yi wa dokokinsu gyare-gyare, abin da alƙali zai faɗa a Kaduna ba lallai shi zai faɗa a Sakkwato ba. Alƙalin labari da yake buga guduma yana yanke ɗaurin rai da rai a kan mari, daga fim aka kwaso shi. Ku nemi lauya ko magatakardar kotu ku yi masa tambaya, ko ku je ku zauna a bencin baya na safiya guda.

Aikin wannan mako: shafi ɗaya, kada ya wuce kalma 400. Matar ba ta karye ba, ba ta je asibiti ba, babu wanda ya sani. Ku rubuta mana rana ta uku bayan dukan, daga kiran sallar asuba zuwa lokacin da ya dawo daga kasuwa. Kada ku nuna dukan, kada kuma kalmar "duka" ta fito ko sau ɗaya. Za mu karanta su tare ranar Juma'a in Allah ya kai mu.